Rawar Motar Baba Iliya

Har gobe ba na mantawa da ranar Larabar da na je unguwar Turaki ɗauko motar Baba Iliya. Na haura shekara talatin ina dillancin mota a garin nan na Jalingo. Motocin da suka bi ta hannuna ban san adadinsu ba, amma idan na zauna ni kaɗai a rumfa bayan kowa ya watse, wannan tsohuwar motar ce take dawo mini. Ku ƙannena da kuka shigo sana'ar a baya-bayan nan, kuna yawan tambayata me ya sa ba na karɓar mota sai mai ita ya tuƙa ni a ciki. To ga dalilin.

Bari in fara da silo, saboda waɗanda ba 'yan sana'a ba. Silo shi ne yadda inji yake aiki idan mota tana tsaye, an tayar da ita, ba a taka totur ba. Inji mai lafiya silonsa kamar numfashin mai barci ne, ba hawa ba sauka. Idan kuwa ka ji yana tashi yana faɗuwa, sitiyari yana karkarwa, mota tana neman mutuwa, to wani abu ya shiga tsakanin mai da iska da wuta. Ukun nan su ne abincin inji. Makanike na ƙwarai yakan bi su ɗaya bayan ɗaya: ya kwance fulogi ya duba launinsu, ya duba matatar mai, ya wanke kafireta, sannan ya bi tiyon iska ko wani ya tsage. Makaniken gaggawa da dillalin gaggawa kuwa, sukurun silo kawai suke murɗawa su ɗaga shi, ƙarar inji ta danne rawar. Ciwon yana nan, an dai toshe masa baki. Ba zan ɓoye muku ba, na yi haka a ƙuruciyata, ba sau ɗaya ba.

A farkon wata damina ne wani mutum ya kira ni daga Abuja. Ya ce sunansa Bitrus, ya sami lambata wurin wani da na taɓa sayar wa mota. Mahaifinsa, Baba Iliya, tsohon malamin gona ne, ya yi ritaya yana mataimakin darakta, wato mutum na biyu a sashensu. Yana zaune shi kaɗai a Turaki tun rasuwar matarsa.

"Alhaji, so nake ka sayar mini da motar Baba," in ji shi. "Yadda ta kama."

Na ce, "Mene ne laifinta?"

"Ba ta da laifi, matsalar ke nan. Shekara guda Baba yana yawon gareji, wai tana rawa. Makanikai huɗu sun duba, ba wanda ya ga komai. Tun da Mama ta tafi kansa ba daidai yake ba. Rannan ce mini ya yi yana jin maciji a cikin motar. Fisabilillahi Alhaji, mai jin maciji a mota ya kamata a bar shi ya hau titi? Ranar Asabar zan zo, ina so in tarar ba ta gidan."

"Ya san da maganar?"

"Na gaya masa. Bai ce komai ba."

A sana'armu wannan shi ake kira tsuntsu daga sama gasasshe. Ina da wani ɗan kasuwar shinkafa a garin Mutum Biyu da ya daɗe yana damuna in samo masa doguwar mota mai ƙashi, wadda zai riƙa loda wa buhuna da fasinja ranar kasuwa. Kafin in kwanta ranar na kira shi na ce ya shirya, Alhamis ko Juma'a zai ji ni.

Gidan Baba yana wani lungu, babban gida mai ɗaki biyar, irin wanda ma'aikaci yake ginawa sannu a hankali da fatan 'ya'ya da jikoki su cika shi. Sai da na yi sallama sau uku aka amsa. A baranda kujera ɗaya ce, da ɗan tebur, da kofi ɗaya a kife. Sauran kujerun an ɗora su kan juna a kusurwa an lulluɓe da buhu. Tsakar gidan a share tas, irin sharar mutumin da ya rasa abin yi.

Dogo ne siriri, ya haura saba'in, rigarsa ta sha guga, da biro a aljihu. Ya dube ni daga hula har takalmi.

"Kai ne mai raba mutane da motansu?"

Na ce, "Ni ne mai haɗa su da wasu, Baba."

"Bakin dillali," ya ce, ya je ya sauko mini da kujera ɗaya daga kusurwa.

Motar tana ƙarƙashin mangwaro, doguwa mai babban but, fara ce da ta koma ruwan madara, 'yar zamanin kafireta. Kafin in taɓa ta sai ya buɗe but ya jawo wani kwali. Cike yake da fulogi, da wayoyinsu, da matatar mai biyu, da kwayil, har da tsohuwar kafireta guda.

"Duk waɗannan an kama su an cire," ya ce. "Babu ɓarawon a cikinsu. Bitrus ya aiko wani mutum da kwamfuta. Ya yi awa ɗaya yana neman inda zai soka waya. Motan ya girme kwamfutan."

Na bi ƙa'idar da kuka sani. Na fara da takardu, na ga sunansa ne a kai, lambar inji da ta jiki duk sun yi daidai. Na ɗora hannu a kan injin na tabbata da sanyinsa, domin mai son ɓoye ciwo yakan ɗumama mota kafin ka iso. Na murɗa makulli, bugu ɗaya ta tashi. Salansa ba hayaƙi. Na ɗauko kofinsa na baranda na cika da ruwa, na ɗora a kan rufin motar. Ruwan ko gezau.

Na ce, "Baba, yaushe take rawar?"

"In na tsaya."

"Ga ta a tsaye."

"Ba ya yi a gaban baƙi. Yana da kunya." Ya yi 'yar dariya, irin ta wanda ya riga ya san ba za a yarda da shi ba.

Na nemi izininsa na ja motar zuwa garejin Hamman, makaniken da nake aiki da shi shekara ashirin. Na bi ta cikin gari, na tsaya a mararraba ba ɗaya ba ba biyu ba, ban ji komai ba. Hamman yana hango motar ya fara dariya tun kafin in kashe ta, ya gaishe ni da Fillanci.

"Jam na, Alhaji? Kai ma tsohon ya kamo ka? Ni da hannuna na wanke kafiretan nan sau biyu. Na fesa fetur a kan kowane tiyo, inji bai canza murya ba."

Ga waɗanda ba su sani ba, haka ake neman tsaga: idan tiyo ya fashe, zai zuƙi fetur ɗin da aka fesa, muryar inji ta canza nan take. Na sa ya sake yi a gabana. Shiru.

"Mota lafiya lau," in ji Hamman. "Mai mota ne yake buƙatar gareji." Ya taɓa gefen kansa da yatsa. "Amma fa mutumin kirki ne. Ya zo mana da gyaɗa, ya zauna a benci har la'asar yana ba mu labarin takin zamani. In ɗan ɗaga maka silon saboda mai saye?"

Na ce ya bari, abin da ba ya ciwo ba a ɗaure shi.

Wajen azahar na koma Turaki. Na tarar da shi a kujerar nan tasa, ya sa hula, takardun motar a cinyarsa. Na ce masa na duba, Hamman ya duba, motarsa lafiya. Ya jinjina kai.

"Kowa haka ya ce. To in motan lafiya, ni ne ba lafiya ke nan."

Na miƙa masa makullin. Ya daɗe yana juya makullin a hannu, sannan ya ce, "Alhaji, zan ba ka. Amma ka raka ni Iware tukuna. Ina da gona can. Matata Rifkatu ma tana can, a gefen gonan muka sa ta. Kowace Laraba nake zuwa. Bitrus ya ce kar in sake hawa babban titi ni kaɗai, na yi mishi alkawari. Sati uku ke nan ban je ba."

Kada ku ɗauka tausayi ne ya sa na yarda. Lissafi na yi. Awa uku a hanya ya fi sauƙi a kan tsoho ya canza ra'ayi ya kulle ƙofa. Na ce to. Ya ce amma shi zai tuƙa.

Na zagaya na shiga kujerar mai zaman banza. An turo ta gaba sosai, gwiwoyina suka tokare da dashbod. Na kai hannu ƙasa zan ja ta baya, sai na ji ya ce, "Rifkatu gajeriya ce." Bai ce kar in taɓa ba. Na dai janye hannuna. A aljihun ƙofa akwai mahuci na kaba da ɗankwali a ninke. A nan na gane tun rasuwarta ba wanda ya zauna a kujerar. Makanikai huɗu, da mai kwamfuta, da ni, duk a gaban bonet muka tsaya, ko kuma muka karɓi makulli muka bar shi a benci.

Tuƙinsa na tsofaffin ma'aikata ne, hannu biyu a sitiyari, ba rediyo, ba hira. 'Yan keke sai wuce mu suke yi suna waiwaye. A mararrabar fita gari ya ɗan tsaya, na ji wata 'yar karkarwa a gwiwoyina da ke manne da dashbod. Na ce a raina ƙafar tsoho ce take rawa a kan kuloci. Muka wuce.

Saura kaɗan mu shiga Iware sai ga garken shanu yana tsallake titi, garke mai yawa, irin wanda sai ka haƙura. Baba ya mayar da giya firi, ya danna burki. Ba irin dannawarmu ba. Ya take shi har ƙasa da dukkan ƙarfinsa, ya miƙe ƙafa, ya riƙe. Daga baya ya gaya mini sai da ya haura arba'in ya koyi tuƙi, kuma a makonsa na farko mota ta taɓa silalewa da shi ta daki ƙofar majami'a a gaban jama'a. Tun ranar, in ya tsaya, kamar zai huda ƙasan motar.

Ba a yi daƙiƙa biyar ba injin ya fara. Ya tashi, ya faɗi, ya sake tashi, ya yi kamar zai mutu, ya farfaɗo. Sandar giya tana kaɗawa. Mahucin Rifkatu yana buga jikin ƙofa. Sai kuma wani siririn sauti daga ƙasan sitiyari, daidai wajen ƙafarsa, huci mara yankewa. Wallahi da ni kaɗai ne a motar, da na ɗage ƙafafuna.

Bai dube ni ba. Idonsa yana kan shanun.

"Ka ji?" ya ce a hankali.

Na ce, "Na ji, Baba."

"Da macijin?"

"Har da macijin."

A lokacin ne na lura da ƙafata ta dama. Tana can ƙasa tana ɗan dannawa tana saki, tana neman totur a inda babu totur. Na tsaya ina kallonta kamar ta wani. Shekara talatin ina zagayawa da masu saye. Duk inda na tsaya, burki sama-sama nake taɓawa, in ja na hannu, in ɗan riƙa ba inji mai don kada mai saye ya ji abin da zai sa shi tunani. Na yi har ƙafar ta daina shawara da ni. Da safen nan da na ja motar zuwa gareji, na ce muku ban ji komai ba. Yaya zan ji? Ƙafata ta yi mini abin da na koya mata ta yi wa mutane.

Na ce, "Baba, ja burkin hannu, ka ɗage ƙafarka."

Ya ɗage. Hucin ya ɗauke, injin ya kwanta luf.

"Sake dannawa."

Rawa ta dawo. Sau uku muka yi haka. Shanu sun gama wucewa, wata tirela a bayanmu tana ta danna oda, shi kuwa ya ɗora goshinsa a kan sitiyari. Ban ji kuka ba. Na dai ga kafaɗunsa suna motsi. Na fitar da hannu ta taga na yi wa mai tirelar alama ya zagaye.

"Shekara ɗaya," ya ce da ya ɗago. "Har na fara yarda da su, Alhaji. Ranan na sa makullin gida a cikin firij. Na ce to, shi ke nan, Bitrus yana da gaskiya."

Na ce, "Ni ma na taɓa neman hulata tana kaina. Muje gefe in nuna maka ɓarawon."

Na buɗe bonet na nuna masa. A bayan inji, ta ɓangaren direba, akwai wani baƙin tulu, shi muke kira tulun burki. Aikinsa ya ari ƙarfin zuƙar inji ta wani tiyo, ya taya ƙafar direba danna burki. A cikinsa akwai faffaɗar roba. Ta Baba ta fara tsagewa, amma tsagar ba ta buɗewa sai an take burki har ƙasa an riƙe. Sai iskar waje ta kutsa ta nan ta shiga inji ba da izinin kafireta ba, abincin inji ya tsinke, silo ya rikice. Hucin da yake ji, iskar ce. A gareji kuwa, mota a fake, ba kowa a kan burki, tsagar a rufe take. Ko shekara Hamman zai yi yana fesa fetur ba zai gan ta ba.

Akwai abin da ban gaya masa a lokacin ba. Tsaga ba ta komawa baya. Ranar da robar ta gama yagewa, burki zai koma kamar dutse a ƙarƙashin ƙafa. Na tuna mutumin Mutum Biyu, da buhunan shinkafa har rufi, da fasinja a cushe, ranar kasuwa.

Muka ƙarasa gonar. Masara ta kai gwiwa. Ya ɗauki 'yar fartanya a but ya nufi gindin wata ɗorawa a can gefe, ni kuma na tsaya a jikin mota. Ina hango shi ya durƙusa yana cire ciyawa, bakinsa yana motsi. Ba na shakka labarin macijin yake ba ta.

Zan faɗa muku gaskiya a kan abin da ya zo mini a tsayuwar nan. Ba wanda ya san abin da muka gano sai ni da tsohon da kowa ya yanke cewa kansa ya taɓu. Zan iya karɓar makullin, in sa Hamman ya canza tulun a ɓoye, in miƙa wa mutumin Mutum Biyu mota mai lafiya. Ban cuci mai saye ba, Bitrus ya yi murna, ni na sami abin da na fito nema. Mutum ɗaya ne kawai zai yi asara, shi kuma ba wanda zai saurare shi. Wannan tunanin ya zauna a kaina ya fi minti goma, ban kore shi ba.

Abin da ya kore shi ba wa'azi ba ne. Wayata na ciro zan duba lokaci, sai na bi jerin waɗanda suka kira ni a makon. Duk masu mota ne ko masu neman mota. Iyalina suna can garinmu, yara sun girma, kowa da gabansa. Abincin rana a rumfa nake ci, yawanci ni kaɗai, domin dillali ko gaisuwa ya yi sai a ce da wata a ƙasa. Na ɗaga kai na dubi tsohon a gindin ɗorawa. Na ce wa kaina, Buba, saura shekara nawa ka fara cewa kana jin wani abu a ce maka babu?

Na kira Bitrus. Na gaya masa komai dalla-dalla, har da shanun.

Ya ce, "To, a gyara, sai ka sayar. Dama an riga an yi magana."

Na ce, "Ranka ya daɗe, dalilin da ka ba ni shi ne Baba yana jin abin da babu. Yau na ji abin da kunnena. Mutum shida masu lafiya ba mu ji ba, shi ya ji. Takardun nan sunansa ne a kai. In ya ce in sayar, zan sayar. In bai ce ba, ka nemi wani dillalin."

"Alhaji, ni fa tsoro nake ji. Ina nesa. In wani abu ya same shi a hanya fa?"

Na ji gaskiyarsa a muryar, ba mugun ɗa ba ne. Na ce, "Wannan tsakaninku ne. Amma ka kira shi ka ce masa ka yarda motar tana rawa. Wannan ba ni zan faɗa maka a madadinka ba."

Ya ce zai kira.

Ni na tuƙo mu a dawowa, a hankali, ina rage gudu da giya. Mun kusa gari wayar Baba ta yi ƙara. Ba su yi minti biyu ba. Abin da na ji daga ɓangarensa shi ne, "I. I. Ba komai. Allah ya yi albarka." Ya mayar da wayar aljihu, ya gyara zaman bironsa, ya ce, "Ya ce in yi haƙuri." Muka ƙarasa Turaki. A ƙofar gida na miƙa masa makullin. Ya karɓa, bai tambaye ni ko na fasa ba, ni ma ban ce ba.

Washegari Alhamis muka haɗu a gareji. Na sa Baba ya shiga ya take burki irin takawarsa. Hamman ya cusa kai ta taga, ya ji hucin, ya fito ya cire hularsa.

"Baba, yafe mini. Ashe kaina ne yake buƙatar gareji."

"Kawo shi in fesa mishi fetur," in ji Baba. Gareji ya kaure da dariya.

Kafin la'asar an samo tulu mai kyau an ɗaura. Baba ya take burki har ƙasa, ya riƙe minti guda cur. Inji kamar ba a tayar ba. Hamman ya ce, "Useko, mun gode, Baba, shi ke nan, kai da gareji sai juyen mai." Baba ya fito, ya dubi bencin da ya saba zama, ya ce, "To yanzu da wane dalili zan riƙa zuwa?" Aka sake yin dariya. Ni ban yi ba.

Mutumin Mutum Biyu ya yi fushi, ya koma wurin wani dillali, har yau bai sake sayen ko taya a hannuna ba. A filin da muke baje motoci aka yi mako ana ce mini likitan tsofaffi. Wannan duk bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne Asabar. Tun da babu maganar sayar da mota, sai wani aiki ya taso wa Bitrus, ya ɗage zuwansa. Baba ya riga ya sayi kaji biyu. Ya aiko mini da ɗaya.

Larabar da ta biyo baya, da ƙarfe biyu, sai ga farar motar a bakin filinmu. Bai fito ba, ya dai sauke gilashi.

"Alhaji, alkawarin da na yi wa Bitrus yana nan. Ba ni kaɗai ba."

Na bar abin da nake yi na zagaya. Da na buɗe ƙofa sai na ga an ja kujerar baya, daidai tsawon ƙafata. Mahucin da ɗankwalin suna inda suke. Na shiga na zauna.

Na raka shi Laraba huɗu a jere. Ta biyar motoci suka iso mini daga kudu, na ce ya yi haƙuri. Ta shida ina ofishin lasisi. Bayan nan na je sau ɗaya, sai kuma na fara aika masa cewa mako mai zuwa. Bai taɓa yin ƙorafi ba. Yakan tsaya a bakin fili, in na ɗaga masa hannu daga nesa alamar yau ba dama, ya ɗaga nasa, ya juya. Da rani ya shigo ya daina tsayawa. Na ce a raina ƙila ya sami wani mai raka shi, kuma wannan tunanin ya yi mini daɗi, don haka ban bincika ba.

Damina ta zagayo, ta sake zagayowa. Wata safiya wani mutum mai kama da shi, sai dai ya fi shi jiki, ya shigo fili ya tambayi Alhaji Buba. Bitrus ne. Ranar na fara ganinsa. Ya ce Baba ya rasu mako biyu da suka wuce, a gadonsa, an kai shi Iware gefen Mama. Ya miƙo mini makulli da takardu.

"Ya rubuta cewa in za a sayar, kai za ka sayar. Wai kai kaɗai ka san inda take ciwo."

Na je Turaki na ɗauko ta. Bugu ɗaya ta tashi. Na take burki har ƙasa na riƙe, na ajiye ƙafata nesa da totur. Silo lafiya lau. Sannan na juya na dubi kujerar gefe. Tana nan a inda ya ja mini ita.

Na sayar da motar, ai sana'ata ce. Wani malamin makaranta ya saya, na gaya masa duk abin da aka canza, na ba shi kwalin nan ma. Mahucin da ɗankwalin na ba Bitrus.

To abin da zan bar muku ke nan. In mai mota ya ce tana yin wani abu, kada ku tsaya a gaban bonet kuna girgiza kai. Ku ba shi makullinsa, ku zagaya ku zauna a gefe, ku yi shiru, ya tuƙa yadda ya saba. Yawancin ciwon tsohuwar mota a ƙafar mai ita yake fitowa, ba a ƙafarku ba. Ku kuma riƙa lura da taku ƙafar, domin abin da kuka koya mata ta ɓoye wa mai saye, wata rana ku za ta ɓoye wa. Mutanen da suke kawo mana tsofaffin motoci, da yawansu ba mota kaɗai suke kawowa ba. Na gano ciwon motar Baba Iliya a yini ɗaya, ina alfahari da wannan. Ɗaya ciwon kuwa ya nuna mini shi ƙarara, har ya ja mini kujera, na ce masa mako mai zuwa.